Taubashina da Maƙogwaron Motata

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa akori-kura tawa ta kaina, kuma ko sau ɗaya inji bai taɓa zubar da ni a hanya ba. Tsohuwar farar mota ce mai shan esans, wato fetur, bayanta ya sha fitsarin awaki har fenti ya haƙura. Da ita nake kwaso dabbobi da buhunan hatsi da mutane, wani lokaci duka a tafiya ɗaya, daga Korahan da Rumbu da Bader Gula zuwa kasuwar Dakoro. Abin da ta samo shi ake ci a gidana, shi ake ci a ɗakin Inna mahaifiyata. Gonata 'yar tafin hannu ce, ba ni da shago, karatun boko na lakwal ma ban yi nisa ba. In an cire motar nan, to an gama da ni.

Aibinta ɗaya ne, ba ta son tudu. Akwai wani tudun rairayi a hanyar Bader Gula wanda in ta ɗauko kaya sai na mayar da ita giya ta ɗaya, ta yi ta nishi kamar tsohuwar da ta ɗauko tulu. Ba ta taɓa kasawa ba, amma kafin ta haye sai sababbin motoci sun wuce mu, direbobinsu na ɗaga mini hannu suna dariya. Wata mai tallar nono ta taɓa cewa in sauke ta, ta riga mu zuwa sama ta jira. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, ba na son a wuce ni ko a hanyar masallaci ne. Kowa ya san halin nan nawa, kuma wanda ya fi kowa saninsa shi ya yi amfani da shi.

Mai gyara mini mota ɗan kawuna ne, ɗan yayan Inna, yana da garaji a bayan tasha. Ni ɗan mace, shi ɗan namiji, wato taubasai muke, abokan wasa tun daga haihuwa. Bawa yake ce mini duk inda muka haɗu, ni kuma ɓarawon noti nake ce masa, ko a gaban surukansa. Ya sha cire mini hula a taron suna ya tafi da ita. Ni ma na taɓa hawa babur ɗinsa daga ƙofar masallaci, sai bayan kwana biyu na mayar masa ba ko ɗigon mai. Ba a fushi da wannan. Wanda ya ɓata rai da taubashinsa shi ne abin dariyar dangi har shekara ta zagayo. Ban da wasan ma, gida ɗaya muka tashi, don da mahaifina ya rasu kawu ne ya ɗauke mu, ni da Inna da ƙannena, ya ba mu ɗaki. Tabarma ɗaya muka kwana, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye ba, fiye da ƙannen da muka fito ciki ɗaya.

Saura kamar wata ɗaya Babbar Sallah, na kai masa motar da safe don a canza mai. Ya ɗaga kapo, wato murfin inji, ya tsaya yana kallon ciki fiye da yadda ya saba. Sai ya ƙwanƙwasa wani baƙin ƙarfe da ke manne a gefen injin.

"Kai bawa, ka san abin da ke kashe ma mota bisa tudu? Wanga ƙarhen."

Ƙarfen da ya taɓa, makanikai na ce masa kolekter. Abu ne mai baki ɗaya a sama da rassa huɗu. Iska da mai in sun gauraya a karburater, ta cikinsa suke bi su rabu huɗu su shiga inji. Ni dai maƙogwaro nake ce masa, don aikinsa ke nan. Taubashina ya ce ramukan nawa sun yi ƙanana, shaƙewa motar take yi, ba tsufa ke damunta ba. Ya shiga ɗakin kayansa ya fito da wani abu naɗe cikin takardar siminti, ya warware a gabana. Sabon kolekter ne fari fat, sai ƙyalli yake yi, raminsa ka iya zura yatsu uku.

"In na ɗaura ma wanga, tudun Bader Gula da giya ta biyu za ka haye shi, hannunka guda bisa taga."

Na ce, "Ban da kunnenshi da anka taɓa likewa, shekara goma sha ɗaya nawa bai taɓa ce mani komi ba."

"Kai ma shekara arba'in ba ka taɓa hwaɗin abin kirki ba, ai ba shi ya sa ka zama lahiyayye ba."

Mutanen da ke zaune kan benci suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Na ɗaga sabon ƙarfen na ji ba nauyi, na ce wannan ai gwangwanin madara ne. Ya ce nauyi na jakai ne, zamani ya wuce nan. Muka yi ta haka, yana jifa ina ramawa, kuma a cikin wasan ne na amince, ban ma san lokacin da na ce to ba.

Matata ta ce in bari sai bayan Sallah, kada a taɓa mota ana tsaka da nema. Na ce ita da ba ta san gaban mota da bayanta ba ta bar maganar inji ga masu shi. Ragon da nake kiwo don layya na kama na kai kasuwa, na kawo wa taubashina kuɗin da ya ce.

Ranar aikin na zauna kan benci ina kallo. Ya cire karburater ya ajiye kan tsumma, ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya. Da tsohon ya fito, da hannu biyu ya ɗauke shi. Ya kankare gefen injin tas, ya kawo sabon ya gwada. Sai na ga ya cire shi, ya ɗaga sama ya rufe ido ɗaya yana duban fuskarsa, ya mayar, ya kuma cirewa. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe akwai wata takarda mai kauri da ake sakawa don kada iska ta sami hanya, juwan ake ce mata, kuma guda ɗaya ake sawa. Shi biyu ya haɗa, sannan ya lafta musu wani jan gam gaba da baya.

Na ce, "Ɓarawon noti, wanga lallen hwa na mi ne?"

"Amarya ce, ba a kai ta ɗaki ba kwalliya. Yi shiru, bawa bai tambaya."

Na gani sarai, amma ta yaya za ka tsare taubashinka da tambaya ta gaske a gaban mutane alhali shi yana wasa? Sai a ce kai ne ba ka san wasa ba.

Akwai wata ɗabi'a a garajojinmu: abin da aka cire daga mota ba a tambayarsa. Ana jefa shi kan tulin ƙarafa a kusurwa, in wani ya zo da matsala a tona ko zai yi masa, kai ma wata rana daga nan za a tono maka. Mai motar da ya ce a ba shi tsohon kayansa ya tafi da shi gida, sunansa marowaci har ya bar tuƙi. Don haka ban ce a ba ni nawa ba. Na dai lura bai jefa shi kan tulin ba. Ya goge shi, ya naɗe shi a takardar simintin nan, ya shiga da shi ɗaki. Na ce ko gado zai shimfiɗa masa. Ya ce matarsa zai kai wa ta yi murhu.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, makon farko motar ta canza. Da na taka ta sai ta zabura. Ranar kasuwar Bader Gula na tunkari tudun nan da kaya, na bar ta a giya ta biyu, ta haye. Na buga sitiyari ina kabbara. Da na dawo Dakoro na sayi balangu mai zafi na kai garaji muka ci tare, na tura masa tsoka mai kitse da kaina ba sai ya sata ba. A tasha kuwa babu direban da ban cika wa kunne da yabon taubashina ba. Har yau in na tuna yabon nan sai in ji haushin bakina.

Wajen kwana goma sai na fara jin wani siririn fito daga cikin kapo. In tana tsaye injin ya riƙa rawa yana neman mutuwa, allurar zafi kuma ta fara hawa inda ba ta taɓa zuwa ba. Na koma garaji. Ya sa na tayar, ya sunkuya ya kasa kunne. Ina tsaye kusa da shi, na ga fuskarsa. Dariyar da ke kanta kullum ta ɗauke na ɗan lokaci. Sannan ya miƙe ya ce sabon maƙogwaro ne, waƙa yake koyo, in ba ta yi mini daɗi ba in sayi rediyo. Ya murɗa wata 'yar kusa a jikin karburater, injin ya ƙara ƙugi, fiton ya ɓace a ciki. Ya ƙara lafta jan gam ta waje.

Na ce, "Ko mu maida tsohon hal Sallah ta wuce? Hankalina bai kwanta ba."

Wannan karon ba da wasa na faɗa ba, kuma ya san haka.

"Wane tsoho? Masu sayen ƙarhe sun kwashe shi tun shekaranjiya. Tahi nema, bawa, raguna na jiranka."

Na tafi. Mako biyun da ke gaban layya su ne lokacin samun shekara, makiyaya na fito da raguna, kowa na neman mota. A rana ina yin sawu biyu. Motar ta fara shan baƙin mai kamar ruwa, bayanta na fitar da shuɗin hayaƙi, ƙarfin nan da na yi ta cika baki da shi ya zube. Kullum sai in ce bari in kai sawun nan, gobe in duba. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Saura kwana uku Sallah, da tsakar rana, ina ɗauke da ragunan wani Bafillace da ya yi shekaru ba ya ba kowa dabbobinsa sai ni, injin ya yi wata ƙara a tsakiyar tudun, ya mutu. Na yi, na yi, ko tari bai yi ba. Muka sauke ragunan muka tara su a inuwar wata aduwa. Bafillacen sai ya dubi rana ya dubi hanya, don in kasuwa ta watse ragunansa sun zama na kiwo har baɗi. Kallon nan nasa ya fi mini zagi zafi.

Can sai ga wata akori-kura irin tawa sak, ba kaya. Ta wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a Dakoro, kuma na san ta daɗe a kwance a ƙofar gidansa. Direban ya tsaya, ya yarda ya kwashi ragunan. Ana lodi ya zo ya leƙa injina, ya ga farin kolekter, ya yi dariya.

"Af, kai ma irin wanga ka sa? Ai mu ma shi Alhaji ya sayo daga Maradi da namu ya tsage. Maigarajinku ya gwada ya ce huskarshi karkatatta ce, in an sa shi rairayi za ya sha. Wata huɗu muna kwance. Sai kwanan ga Allah ya taimake mu, ya samo muna ɗan asali. Zo ka gani."

Na bi shi ba don ina so ba. Ya ɗaga kapo yana alfahari. Ga shi nan, tsohon kolekter ɗina, baƙi, an wanke shi da esans. A kunnensa na hagu akwai ɗigon waldar tagulla, inda ya taɓa ɓallewa a shekarata ta biyu da motar, aka like a Maradi ina tsaye. Ko cikin dubu aka jefa shi zan tsamo shi.

Na ce, "Sabon da bai zauna ba hwa, ina ya ke?"

"Alhaji ya bar ma maigaraji, ya ce ya zubar."

Na ce Allah ya sa alheri. Ya ja motarsa da ragunan da Bafillacen suka tafi, ni na zauna a gindin aduwar. Ba injin nake tunani ba a lokacin. Yadda taubashina ya karɓi tsokar nan daga hannuna ya ci yana kallon idona, shi nake tunani.

Washegari aka jawo motar da igiya zuwa gari. Ban kai ta bayan tasha ba, na kai ta wajen wani tsohon makanike da ba ya yawan magana. Ya buɗe injin, ya zura yatsa ciki, ya murza mini a tafin hannu. Rairayi ne gauraye da baƙin mai. Ya ce gam ɗin ya tsage da zafi, injin ya riƙa zuƙar iskar da ba a tace ba ta gefe, har cikinsa ya karce ko'ina. Ya ɗora farin kolekter kan gilashi, ya zura reza ta ƙarƙashinsa, ta wuce salin-alin.

"Wanda ya ɗaura wanga ya sani," in ji shi. "Ba a sa juwan biyu bisa kuskure. Da ranar da ya hwara hito anka cire shi, da injinka ya tsira."

Abin da ya ce gyaran zai ci, ko na sayar da gonata ba zai kai ba.

Na sha juya abin a raina. Musanyar farko ina iya samar wa taubashina uzuri in na matsa wa kaina. Alhaji na da motoci uku, duk wanda ya tayar masa da wannan ya sami gyaransu duka, wataƙila kuma ya ɗauka gam ɗin zai riƙe. Kwaɗayi ne, kowa na da nasa. Amma ranar da na koma da fiton nan, ya ji, ya gane, na ga ya gane, sannan ya murɗa kusa don kada ni in ji, ya tura ni daji. Da ya ce mini in ajiye ta kawai, ya isa. Wannan ne na kasa haɗiyewa har yau.

Ranar Sallah ban yanka komai ba, karon farko tun da na yi aure. Bayan an sauko daga idi dangi suka taru a gidan kawu kamar kowace shekara, an banƙare raguna a sanduna an jera su kewaye da wuta. Na yi niyyar in yi maganar cikin natsuwa, har na tsara yadda zan fara. Da na ga taubashina cikin sabuwar shadda yana juya nama yana ba mutane dariya, duk tsarin ya watse. Na tsaya tsakar gida na faɗi komai da ƙarfi: ƙarfena da ke cikin motar Alhaji, da karkataccen da aka ce ya zubar ya sayar mini, da injina da ya kashe.

Na ga taubashina ya sha jinin jikinsa, wuƙar da ke hannunsa ta tsaya. Sai ya waiga ya dubi mutane, ya buɗe hannuwa.

"Yo jama'a, bawa da abin da ya mallaka ba na ubangidanshi ba ne? Kayana na ɗauka!"

Aka fashe da dariya, gwaggonni har da tafawa. Ba mugunta suka yi ba, sun ji muryar da suka saba ji tun muna yara, suka ɗauka wasan ne ya yi nisa. Na sake faɗa, na ce ba wasa nake ba, abincin 'ya'yana ya kashe. Wata ta ce, "Ɗan mace ya yi hushi, a ba shi hura ya huce!" Dariya ta ƙaru. Kawu, wanda tsufa ya fara taɓa wa kunne, ya ɗaga hannu ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an yi shari'a tsakanin taubasai ba, kuma ba a gidansa za a fara ba. Ya ce wa ɗansa ya duba mini motar in an gama Sallah. Shi ke nan, aka koma kan nama.

Na fita zan tafi wajen jandarma, wallahi da niyyar na fita. Inna ta biyo ni zaure ta kama hannun rigata.

"Na san ba wasa ka ke ba," ta ce. "Na ga idonshi. Amma in ka kai shi, da wane ido za ni dubi yayana? Shi ya rufa muna asiri ranar da ba mu da kowa."

Na ce, "Inna, to ni wa za ya rufa mani?"

Ba ta saki rigar ba sai da na ce na fasa. A ranar na ji duk gidan sun ci amanata, har da wadda ta haife ni, ko da yake na san ita kuka take yi a ciki.

Washegari taubashina ya aiko da cinyar rago gidana, na ce matata ta ba maƙwabta. Bai zo ba, ni ma ban kai masa motar ba. Ta yi damina guda a ƙofar gidana, kaji na kwana ƙarƙashinta. Da kaka ta yi wani mutum daga Maradi ya saye ta don ya farke ya sayar da kayan. Ban fito ba da za a ɗora ta kan babbar mota, ina ɗaki na ji ƙarar sarƙa.

Na yi dako a kasuwa, na yi ƙwadago a gonakin mutane. Hatsin da na noma bai kai mu tsakiyar rani ba. Ana cikin haka Alhajin nan ya aiko kirana. Direbansa ya tafi arewa neman zinariya, yana son wanda ya san hanyoyin daji kuma ya san irin motar. Bai san komai ba game da abin da ya faru, shi dai kaya ya saya a garaji, ni kuma ban gaya masa ba. Na ce a ba ni kwana biyu in yi shawara. Da na koma gida matata ta buɗe buhun hatsi ta nuna mini gindinsa. Da safe na je na karɓi makulli.

Haka na zama ɗan aiki a kan motar wani. Kowace safiya kafin in tayar sai na ɗaga kapo in duba mai da ruwa, aikin direba ne, ba yadda zan kauce. Kowace safiya kuma sai na ga baƙin kolekter ɗina, yana nan lafiya lau yana aikinsa.

Bayan mako uku Alhaji ya ce lokacin canza mai ya yi, in kai ta bayan tasha, don can ake yi masa gyara. Na ce to. Na shiga garajin da hantsi, benci cike da mutane ana shan shayi. Taubashina na ƙarƙashin wata mota, ya leƙo ya gan ni a bayan sitiyari. Ya fito yana goge hannu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku zo ku gani, bawana ya gudu ya samu sabon ubangida! Alhaji ya san ɓarnar tuwo gare ka?"

Mutane suka fara murmushi suna jiran abin da zan mayar. Shi ma ya tsaya yana jira, har ya karkato kunne. Na san abin da yake nema. In na tanka masa sau ɗaya, shi ke nan, an koma wasa, duk abin da ya yi ya shiga cikin wasan ya narke.

Na kashe mota na sauko. Na ɗan rusuna yadda ake yi wa baƙon dattijo, na miƙa masa hannu biyu.

"Ina kwana, Malam. An tashi lahiya? Ina gajiya, ina iyali? Alhaji ya ce a canza mai, in da hali."

Ya yi dariya, shi kaɗai. Ya bugi kafaɗata.

"Kai bawa, mi ne ne haka? Zage ni mana."

"Subhanallahi. Wane ni in zage ka, Malam."

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Ya matso kusa da ni, ya rage murya, ya kira ni da sunana.

"Dan Allah ka zage ni. Ko sau guda."

Na ce, "In an gama a aiko a kira ni, ina can gindin bedi. Allah ya ba da sa'a."

Na bar makulli a jikin mota, na tsallaka hanya na zauna a inuwar bedin, wato dogon yaro, na juya wa garajin baya. Daga inda nake na ji ƙarar kapo da ya ɗaga. Na daɗe ina saurare, ban ji ya taɓa ko noti ɗaya ba.